Ranar da Inna Ta Tare Ƙofa

La'asar ce mai taushi a garinmu Warra, ruwan kogi na ƙyalli kamar idon amarya, Inna na gyara kifi. Sai ga masu kaki biyu sun kutso zaurenmu ba sallama, wai haramtaccen taru suke nema.

Inna ta tare ƙofa, ina riƙe da zanenta.

"Ina takardar alƙali?"

"Gwamnati ce da kanta. Kauce!"

"Gwamnatin ga ba ta da uwar da ta koya mata sallama? Ko Sarkin Ruwa a waje yake tsayawa."

Suka bangaje ta, suka birkice har gadon aurenta, ba su sami komai ba.

Yau na san tsarin mulki ya ba Inna gaskiya. Har ta rasu ba wanda ya ba ta haƙuri, ni kuwa ban yafe ba.