Kututturen Kirya

"Marasa imani ne suka sare ta," in ji malamin, yana nuna wa ɗalibansa na Tumfure kututturen kirya a bakin tafki. Ya ce makiyaya ne suka fara taka wannan hanya ta kurmi, a inuwar bishiyar suke hutawa shanu na shan ruwa. Yara suna ta rubutawa.

Sai ga wani tsoho da gatari a kafaɗa. Ya ƙura wa malamin ido, ya washe baki.

"A'a, Malam! Shekara ashirin rabonmu! Yaya turmin da ka sa na sare kiryar nan na sassaƙa wa amaryarka?"

Malam ya rasa inda zai sa fuskarsa. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malam, mu rubuta wannan ma?"