Hajjin Ɗaso

Mukhtaru ya sake zaro waya ya duba tasrihinsa na aikin Hajji, kamar izinin zai gudu in bai leƙa ba. Yana nan. Zulhajji ya kama, motocin alhazai sun cushe unguwar Aziziyya a Makka, shi kuwa ya kasa zama a shagonsa na turare. Ya ɗauki wannan kwalba ya ajiye, ya leƙa titi, ya dawo ya goge kantar da ya riga ya goge.

Nasa Hajjin ya daɗe da saukewa. Wannan zai yi wa wani ne, kuma gwiwoyinsa sun riga sun gaya masa shi ne na ƙarshe. Matarsa Hafsa ta roƙe shi ya yi wa mahaifiyarta, wadda ta rasu a Nyala ba ta taɓa ganin Ka'aba ba. Amma mahaifinsa Awwalu, yana kwance ciwon ajali, ya riƙe masa hannu ya ce kada a bar Ɗaso haka.

Duk gidan an san Ɗaso, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinta. Kakansu Hadi sojan Turawa ne a rundunar igwa, a wani bariki da sunansa ya kuɓuce wa jikoki, can yamma da Barno dai. Wata shekara kasuwa ta faɗi a duniya, gyaɗa ta yi kwantai, manyan da ke sa ido kan baitulmalin ƙasar daga Ingila suka aiko cewa soja na cin kuɗi da yawa, a rage. Aka rufe barikoki, aka karɓe kaki, aka sallami mutane tuli, har da Hadi. Ɗaso kuma aka ce ta tsufa, gwamnati ba za ta ƙara auna hatsi dominta ba. Sai ya fita da ita ta bayan bariki, suka nufi gabas.

Abin da ya iso wa jikoki guntu-guntu ne. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ke ɗaukar kayansu duk tsawon hanya, ba ƙorafi, amma in ta kafe ba mai motsa ta. Sau da yawa ita ke gano inda ruwa yake. A Darfur ta faɗi, ya bar ta gindin wata ƙaya, ba wanka ba salla, tunda shi kaɗai ne a jejin. Daga baya ya yi aure a Sudan, ya ƙaraso Makka da iyali. Har ya rasu yana watsa wa tattabarun Harami alkama, yana cika kwamin da jakunan 'yan ga-ruwa ke sha, yana cewa na Ɗaso ne.

Awwalu yana ƙarami uban ya rasu, kuma abu ɗaya ya tsaya masa a rai har tsufa: mutum ya zauna shekaru a gefen Harami, bai yi wa matar da ta sha wahala tare da shi ko ɗawafi guda ba.

Limamin masallacinsu a Rusaifa ne ya ƙara dagula lamarin. Ya ce suna kaɗai ya isa niyya, ba sai an san ubanta ba, sai dai bariki kowane irin mutum yake tarawa, to an tabbata Musulma ce? Mukhtaru ya tuna ba a yi mata salla ba. Idan ba Musulma ba ce, ya tashi a banza, ya kuma hana surukarsa. Idan Musulma ce ya ƙyale ta, ya karya wasiyya.

Ya shiga bin tsofaffin unguwa. Wannan ya tura shi wajen wancan, wancan ya ce wanda ya sani ya rasu bara. Hafsa ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta wanke haraminsa, ta ninke, ta ajiye a inda dole ya gani duk sa'ad da ya shigo.

Ana gobe fita Mina aka gaya masa Gwaggo Hauwa, yayar mahaifinsa, wadda aure ya kai Bur Sudan tun kafin a haifi Mukhtaru, tana nan Makka, unguwar Zahir, a gidan 'yarta Jawahir. Ya ja ƙofar shago da rana tsaka. Hanyoyi a toshe, shinge bayan shinge, har ya haƙura ya ajiye mota ya ƙarasa a ƙasa, gwiwa na zafi.

Ya same ta zaune a kan darduma tana kurɓar shayi. Ta kira shi Awwalu, ta yi masa faɗan ya rame, Jawahir ta gyara mata, ta sake kiransa Awwalu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zayyana mata komai, rabi Hausa rabi Larabci, sa'an nan ya zo kan tambayar.

"Gwaggo, Ɗaso tana salla kuwa?"

Tsohuwa ta ajiye finjali a hankali. Kafaɗunta suka soma rawa, har Jawahir ta matso tana zaton kuka ne, ashe dariya take.

"Allah ya jiƙan Baba," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Tashi ka je ka yi wa uwar matarka, ɗan nan. Ranar da Bature ya ce a harbe su duka saboda ciyawa ta yi tsada, Baba ya kwance ta ya gudu. Ɗaso ai alfadarar da ke ɗaukar masa igwa ce."