Tawadar Da Ba Ta Wankuwa

Tun da aka sauya tawadar zaɓe, ba ta barin yatsan mai ƙuri'a sai wanda ya zaɓa ya cika alkawarinsa. Shi ya sa a Gidan Kuka aka daina gardamar siyasa, hannu kawai ake dubawa.

Ranar Laraba da hantsi, Inna Tabawa mai daddawa tana wanke kalwa a bakin sabon famfo, sai ta ga babban yatsanta ya fita fes, bayan shekara uku yana baƙi ƙirin. Nan ta bar ƙwaryar, ta nufi ofishin Kansila Ɗanjuma, wanda ya yi alkawarin ruwan.

"Ɗan nan, duba!" ta ce, tana ɗaga yatsan. "Ka fita kunyarmu, Allah ya yi maka albarka."

Ɗanjuma ya russuna. "Amin, Inna. Da ma kullum na shiga kasuwa, hannuwanku ba sa bari in sake."

"Haka ake so. A da mu ke tsoron shugaba, yau shi ke jin kunyar yatsan tsohuwa."

Har ta kai bakin ƙofa, sai ta waiwayo. "Saura asibiti. Na san alkawarin wanda ka gada ne, ba naka ba. Amma shi ne wanda marigayi mai gidana ya zaɓa. Masu wankan gawa sun cuɗa har suka gaji, da tawadarsa aka binne shi."

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai.

"Zaɓe ya kusa," in ji Inna Tabawa. "Ga yatsa nan, babu komai a jikinsa."