Masu Cin Kabejin Koswara

Ranar da Koswara ya ajiye aikinsa a ofishin gunduma, sai da ya bi tebur-tebur yana yi wa abokan aiki jaje. Su ci gaba da buga hatimi har furfura, shi kam ƙasa ta kira shi.

Ɗan lambu gare shi a gangaren garin Lembang. Gidaje kan biya shi tun kafin shuka, duk Asabar su karɓi kwando, abin da lambu ya bayar shi ne rabonsu. Da maƙwabta ya fara. Kaka ɗaya suka yi suka zame, wannan ya ce likita ya hana shi ganye, wancan ya ce tafiya ta kama shi. Sai Allah ya haɗa shi da Mang Oman, wani dattijo mai rumfar tsire a bakin titi, shi kuma ya jawo ƙannensa da surukansa.

Nan Koswara ya san akwai mutanen kirki a duniya. Ba ya fesa magani, don haka kabejinsa duk huda ne kamar rariya, karas ɗinsa kuwa ganye ya fi saiwa. Ba wanda ya taɓa ƙorafi. Roƙonsu dai kada ya yanke ganyen, kuma ya daina sako barkono da albasa.

"Ɗan ƙasar nan ne ba ya cin barkono?" in ji matarsa Imas. "Kang," haka take kiran mijinta, "ka dai bincika."

"Wayewa ce, ke ba za ki gane ba."

Ita kam a kasuwa take sayen kayan miyarta, abin kuma na ci masa rai.

Mang Oman ne ke zuwa da babur ya kwashe kwandunan kowa. "Yaran nan ko kara ba sa bari," yakan ce. "Ka gan su ɓul-ɓul! Af, iyali sun ƙaru, a ƙara mana kwando." Wata ba ya shuɗewa sai iyali sun ƙaru. Koswara ya yi ta barka, a ransa yana jinjina wa ƙwazon mazan gidan.

Shi ya sa ya bar aikin ofis. Ya lallaɓa Imas ta sayar da awarwaronta na zinariya, ya yi hayar tudu guda, ya sayi injin ban-ruwa, ya sa aka rubuta allo: Lafiyar Iyali Daga Lambu. Saura hoton yara masu kumatu suna cin kayansa, wanda zai nuna wa manyan otal-otal na birnin Bandung.

Da hantsi ya ɗauki Imas a babur, don ta gani da idonta ta ji kunya, suka yi wa Mang Oman dirar ba-zata.

Dattijon ya yi murna ƙwarai. "Kun zo a daidai, yanzu suka fara ci. Ku dai taka a hankali, masu cikin ba sa son hayaniya."

Ya zagaya da su bayan gida, ya ture ƙyauren wata doguwar rumfa. Koswara ya gyara wuyan riga, ya ɗaga waya, ya ce, "Yara, a yi murmushi!"

Daga wannan bango har wancan, zomaye suka ɗago kunnuwa suna kallonsa, kowanne da ganyen kabejinsa a baki.