Ana Jiran Zagi

Baƙi daga Jamus na tsaye a masana'antar takalma da takardar kwangila a hannu, babban injin ɗinkin takalma ya ƙi tashi. Allon kwamfuta ya rubuto: "Ana jiran zagi."

Kowa ya juyo ya dubi sakatariya. Ita ta haɗa manhajar ba tare da ta san komai a harkar ba, jawo akwatunan umarni ne kawai a jera su a allon kwamfuta. Manaja ya ce ta zana aikin masana'antar yadda yake, ita kuwa ba ta iya ha'inci ba. Akwati na bakwai: tsohon makanike ya tsaya gaban inji ya zunduma ashar. Shekara talatin da haka ake buɗe aiki. Jiya manaja ya sallame shi, wai zamani ya wuce shi.

"Ke, wane irin shirme ne wannan?" in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, gwada zagin mana."

Manaja ya zagi injin, shiru. Direba ya zage shi har kakanni, mai shara, 'yar ƙasar Hangari, ta ƙara nata da yarensu. Allo ya ce: "Bai fito daga zuci ba."

Dole aka tura mota ta ɗauko makaniken. Tsoho ya shigo da dusar ƙanƙara a hula, ya shafa injin kamar mai lallashin jika. Sannan ya dubi manaja ido cikin ido, ya lailayo ashar ya maka masa.

Inji ya tashi.

Sai lokacin sakatariya ta lura: tagar ofishin manaja daidai bayan injin take. Ashe dama ba injin tsohon yake zagi ba.