Butar da Ke Ƙarƙashin Gado

A ɗakin mata na asibitin, kowa cewa yake Iya Tabawa ba ta iya ganin mutum cikin buƙata ta wuce. Wata uku ke nan tana jinyar 'yarta.

Tun da aka kawo na'urar da ke karanta asalin ƙwayoyin cuta, an daina cewa ciwo ya zo, sai dai a tambayi wanda ya kawo shi. A makon nan mata huɗu suka kamu da ƙwayar da ba ta jin kowane magani, aka dakatar da Sista Rifkatu daga aiki, don ita ke wanke musu rauni.

Ranar Talata da hantsi Iya ta tsaya tana kallon allon na'urar. Ta tambayi mai gwajin, "Ɗan nan, ashe su ma ƙwayoyin dangi gare su?"

"Sosai, Iya. Na jikin matan nan huɗu uwarsu ɗaya. Amma ba a hannun mutum suka girma ba, a ruwan da ya daɗe cikin roba ne. Shi muke nema."

Iya ta tuna da butarta ta roba. An hana shigowa da buta, amma tata tana ƙarƙashin gado, tana ara wa duk wadda ba ta iya takawa zuwa famfo don alwala.

Ta ɗauko ta, ta ajiye a gabansa, ta roƙi ya kira mata Rifkatu a waya.

"'Yata, Tabawa ce. Ba hannunki ba ne, butata ce. Don Allah ki yafe mini."