Hujin Tsakiyar Murfi

Ƙarar bindigar ta tarwatsa kajin unguwa gaba ɗaya. Haladu ya fito daga cikin hayaƙi yana tari, ya ruga gindin kukar da matarsa Batulu ta rataya masa murfin tukunya don gwajin saiti.

Tun da gyado ya fara tone masa rogo a gonarsa ta garin Sara yake fama da tsohuwar bindigar kakansa. Ya rage albarushi, ta yi hagu. Ya ƙara, ta kayar da shi wanwar. Ya sake narka dalma ya mulmula, har maharban Gwaram suka raɗa masa suna Mai Hayaƙi.

Yau kuwa ga huji a tsakiyar murfi cif!

"Batulu! Kira mini maƙwabcina Ikrima, shugaban masu dariya, ya zo ya ga awo!"

Ta leƙo ta kan danga. "Malam, ai hujin mariƙi ne, tun bara ya cire."

"To ina harsashin ya tafi?"

Kafin ta amsa sai ga Ikrima yana tura babur, tayar baya ta sace.

"Haladu, ba sai an kira ni ba. Saƙonka ya iso."